Tuwon Shaida a Majalisar Jiha

Ni ba mutum ba ne mai ajiye labari a ka. Duk abin da ya kamata a tuna, a kaye, wato littafin rubutu, nake rubuta shi, in sa masa lamba, in rufe. Amma akwai rana ɗaya da ban taɓa rubuta ta ba, kuma na tabbata har a sa ni cikin ƙasa ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da na shiga gaban 'yan majalisar jiha a Maraɗi da mata bakwai a bayana, da kwano biyu, ɗaya na tuwo ɗaya na miya.

Bari in bi abin daki-daki, don ban iya ba da labari a birkice ba.

Na farko, ni wane ne. Aikina rabon ruwa a gonakin noman rani na Jiratawa. Ni ke buɗe ƙofar kanal, wato magudanar ruwan, ni ke rufewa. Kowace gona da lambarta, kowace lamba da lokacinta. Ina da agogo, ina da usur, ina da kaye. Mai lamba shida ba ya shan ruwa kafin mai lamba biyar, ko da albasarsa ta kwanta tana roƙona. Manoma suka laƙaba mani Sarkin Ruwa, kuma ba don ƙauna ba. Lakkol kuwa a aji shida na tsaya, amma abu ɗaya da malaminmu ya koya mana na riƙe shi gam: in kana karatu, ka sa yatsa a kan layi, kada ka ɗaga kai sai ka kai aya.

Na biyu, abin da ya haɗa ni da maganar kaso, wato gidan yari. Ƙanena da ke bi mani ya yi rigima da maƙwabcin gonarsa a kan iyaka, hannu ya yi aiki, aka rufe shi yana jiran shari'a. Ban ce ba shi da laifi ba, na ma faɗa masa haka da bakina. Amma wata ya bi wata ba a kira shi gaban alƙali ba, ga mata da 'ya'ya huɗu a gida, ga gona ba mai taɓa ta. Matarsa ce ke tuƙa tuwo da sassafe, ta hau kabu-kabu ta kai masa cikin gari.

Wata rana cikin bazara na raka ta. Na tarar da mata sun cika ƙofar gidan kaso, kowa da kwano a ka, ba inuwa ko ta tafin hannu. Tebur ɗaya ne, gardi mai tsaron ƙofa ɗaya ne, kuma sai ya buɗe kowane kwano ya caccaka shi da tsinke don ya tabbata ba a ɓoye wuƙa ko ƙwaya ba. Ban ga laifinsa ba. Doka ce, ni kuwa mutumin doka ne. Sai dai kafin kwano ya shiga ciki, miyar kuɓewa ta yi tsami, tuwo ya fara wari. Da na samu ganin ƙanena na tambaye shi ko yana iya cin wannan abu.

Ya ce, "Yaya, tun daga Jiratawa ta ɗauko shi. In ta tambaya sai in ce ya yi daɗi. Ta san ƙarya nake, ni ma na san ta sani."

Na fito raina a ɓace, na kuma ga mata suna turereniya ba tsari. In raina ya ɓaci, hannuna usur yake nema. Na busa, na jera su, na ba kowa lamba. A nan ne wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa. Daga Tsibiri take, cikin Arna masu bin al'adar kakanni, ɗanta yana ciki a kan wata rigimar shanu. Gajera ce, da taba a baki, kuma ban taɓa ganin abin da ya ba ta tsoro ba. Kowa Inna yake ce mata.

Ta ce, "Kai mai usur, tunda ka iya sa mutane layi, ka iya rubutu?"

Haka na zama magatakardan matan ƙofar kaso ba tare da na nema ba.

Wani ɗan majalisar jiha na yankinmu ya gaya mana cewa akwai kwamitin da ke sauraron koken jama'a kafin zaman da ake yi gab da damina, kuma koken da kwamitin ya zaɓa ne kawai ke isa gaban majalisa duka. In muka rasa wannan, sai bayan kaka. Ya samo mana rubu'in awa. Abu uku muka shirya roƙo: a yi rumfa da randa a ƙofa a ƙara tebur na biyu, majalisa ta sa baki a wajen na sama a duba takardun waɗanda suka daɗe ba shari'a, sannan gidajen da mai gidan ke tsare a sa su cikin masu samun tallafin hatsi da iri kafin ruwa ya sauka. Wannan na ukun shi ne ya fi tsaya mani a rai. Rumbun ƙanena ya kai ƙasa, irin shuka ma an ci shi. In damina ta wuce gonar ba shuka, na san abin da 'ya'yan nan huɗu za su gani.

Na uku, shiri. Juma'a uku a jere muna taruwa a gidan yayata a Sabon Gari muna gwaji. Na tsara abin kamar rabon ruwa. Lamba ɗaya gaisuwa, lamba biyu karatun takarda, lamba uku nuna shaida, lamba huɗu jawabin mata ɗaya bayan ɗaya, lamba biyar godiya. Matan ma kowace na ba ta lambarta. Na kafa doka cewa ba wadda za ta buɗe baki sai na kira lambarta, wadda ta karya kuwa waje za ta jira mu. Inna na sa ta ta bakwai, saboda in ta fara magana sai an yi da gaske take tsayawa.

Ta ce, "Ni da na girme ku duka, ni aka sa wutsiya?"

Na ce, "Inna, ba girma ake bi ba, lamba ake bi."

"To kai a lamba nawa uwarka ta haihe ka?"

"Bayan yayata, ni ne namiji na fari."

"Ga alama," in ji ta, ta tofar da tabarta.

Takardar da Hausa na rubuta ta, shafi ɗaya cif. Sai na ga kamar babban wuri ba ya son ƙaramar takarda, na kai wa wani tsohon malamin lakkol ya mayar da ita Faransanci. Ta dawo shafi biyar. Na yi murna, na ɗauka nauyi ta ƙara. Na kuma yanke cewa ni da kaina zan karanta, ko da yake rabona da karanta Faransanci da ƙarfi tun ina sa gajeren wando.

Shaidar kuwa ita ce abin alfaharina. Na ce za mu nuna musu tuwon kamar yadda yake isa hannun ɗan kaso, kuma ba na son shaidar ƙarya. Saboda haka ranar, matar ƙanena ta tuƙa tuwon gero da miyar kuɓewa da sassafe kamar kullum, muka ɗauko shi a kabu-kabu kamar kullum, na ajiye shi a tsakar gidan yayata inda rana ta fi duka, na tsaya a kansa da agogo. Da lokaci ya cika sai na karyo ɗanyen reshen bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, na caccaka tuwon, na dama miyar. Abin da gardi ke yi sau biyu ni na yi sau goma, don ba na son aikin ganin ido. Ku riƙe maganar bedin nan, za ta dawo.

Ina juya baya, matar ƙanena ta juye komai cikin kwanukanta na aure masu furanni, ta shafe saman tuwon da mara ya yi sumul, ta ɗaure su da sabon ƙyalle. Na ce mata lotsattsen kwanon da take kaiwa kaso shi ya kamata.

Ta ce, "Yaya, gaban manya za mu. In kai ba ka jin kunya, ni ina ji."

Na duba tsarina, na ga wannan bai taɓa kowace lamba ba, na ƙyale ta.

Na huɗu, ranar kanta. An ce mana ƙarfe sha ɗaya, amma masu koke suna da yawa, ba a kira mu ba sai bayan azahar. 'Yan kwamitin su biyar suna zaune tun safe suna sauraron mutane, ko ruwan kirki ba su sha ba. Ni ban yi tunanin cikinsu ba. Abin da ya dame ni shi ne shaidata ta ƙara awa biyu a kan ƙa'ida.

A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai kai saƙo da shigar da baƙi, wanda ake ce wa falanto. Yana ganin kwanuka masu furanni sai ya miƙa hannu. Ya ce wa matar ƙanena, "Kawo, ɗiyata, baƙo ba ya shiga da kaya a ka." Na ji daɗi, na ce a raina ga mutum mai tsari, zai ajiye su a tebur su jira lamba uku. Ashe shi abin da ya sani tun yana yaro shi ne, in mutanen ƙauye sun zo wa manya da kwano a rufe cikin sabon ƙyalle, gaisuwa ce. Ya dire su a gaban shugaban kwamitin, wani ƙaton dattijo mai tabarau, ya raɗa masa wani abu a kunne, ya fita ɗauko buta.

Na yi lamba ɗaya lafiya lau. Na buɗe takarda, na sa yatsa a layi, na shiga lamba biyu. Ina tuntuɓe da kalmomin malamin nan masu tsawon igiyar guga sai na ji ƙarar murfin kwano. Ban ɗaga kai ba, ban kai aya ba. Na ji ana zuba ruwa a tasa. Ban ɗaga kai ba. Malamin da ya fassara mani takardar mutum ne mai rowar aya. Sai da na kai ƙarshen shafin farko na ɗago, na ga shugaba ya naɗe hannun rigarsa, ya yanko loma, ya tsoma ta cikin miyar da na dama da hannuna.

A nan mai hankali zai ce, ranka shi daɗe, dakata. Kalma ɗaya ce. Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni, amsar kuma ba ta canza ba: muna cikin lamba biyu, maganar tuwo kuwa lamba uku ce. Dabarar da ta zo mani ita ce, in na ƙara sauri zan kai lamba uku kafin su kai gindin kwano. Na sunkuyar da kai na shiga gudu. Faransancin da a hankali ma da ƙyar yake fita, sai ga shi ina sukuwa a kansa. Ko wanda ya rubuta shi ba zai gane shi ba.

Da gefen ido ina ganin matan. Matar ƙanena ta cusa bakin mayafi a baki, idonta kamar zai faɗo. Mai lamba huɗu ta ɗaga hannu a hankali. Na galla mata harara, na taɓa usur ɗin da ke wuyana, ta sauke hannu. Juma'a uku na horo ba su tafi a banza ba. Mata shida suna kallon manyan jiha suna cin abin da ya sha rana tun safe, ba wadda ta ce uffan. Ban taɓa samun biyayya irin wannan ba, ko a wajen manoma, kuma ban taɓa jin kunyar wata nasara kamarta ba.

Shugaba ya tauna, ya tsaya, ya haɗiye kamar mai haɗiye tsakuwa. Ya cire tabarau ya share ido. Sai ya dubi matan ya ce, "Madalla. Ya yi daɗi. Allah shi saka da alheri." Ya tura kwanon gaban na kusa da shi da wata irin kyauta ta gaggawa, ya ce, "Bismilla, Alhaji, kada in cinye ni kaɗai." Alhaji ya ci, wuyansa ya miƙe, ya ce ya yi daɗi, ya tura gaba. Haka kwanon ya yi ta zagaya tebur, kowa yana yabo yana neman wanda zai miƙa wa. Akwai mace ɗaya a cikinsu, wata Hajiya mai fara'a. Ta ɗanɗana, ta ajiye hannu, ta tambaya a hankali wace ce ta yi girkin. Matar ƙanena lamba uku ce, ban kira ta ba, saboda haka ta yi shiru tana kallon rufin ɗaki.

Ina tsakiyar shafi na biyu Inna ta miƙe. Ni kuma, Allah ya yafe mani, na busa usur. A cikin ɗakin majalisa. Falanto ya saki buta, Alhaji ya ƙware.

Na ce, "Inna, lamba bakwai, zauna."

Ta ce, "Busa ka ƙara, ɗan nan." Ta wuce ni kamar turken akuya, ta tsaya a gaban shugaba, wanda ya riga ya yanko loma ta biyu don kada a ce ya raina gaisuwar talakawa.

"Ranka shi daɗe, mi ka ce da tuwon ga?"

"Na ce ya yi daɗi, Inna."

"Haka ɗana ke ce mani kullum. Shi ma da ruwa a idonsa, awa naka."

Shugaba ya tsaya da loma a hannu. Inna ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. "Wanga ba gaisuwa ba ce. Wanga shi ne abin da ɗiyanmu ke ci a kaso bayan ya gama shan rana a ƙofa. Wancan mai usur ya ce sai a lamba uku za a gwada muku shi, ku gani da ido. Ku kuwa kun riga lamba."

Ni ina tsaye da yatsa a kan layi, don ko a lokacin ban yarda in ɓatar da inda na tsaya ba. Shugaba ya daɗe yana kallon lomar nan. Mayar da ita kwano ba dama, yar da ita ba dama. Sai ya kai ta baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye, wannan karon bai ce ta yi daɗi ba.

Ya ce, "Kullum haka yake, Inna?"

"Kullum da rana ta fito."

Ya juyo gare ni. "Malam, shafi nawa ya rage?"

"Uku da rabi, ranka shi daɗe."

"Rufe. Da Hausa, me kuke so?"

Na faɗi abu ukun nan, ko minti ɗaya ban cika ba. Ya sa aka rubuta. Hajiya da ta yi ta danne dariya sai ta fashe, har tana dafa tebur, daga baya ta share ido ta jawo matar ƙanena kusa tana tambayarta 'ya'ya nawa gare ta, me ya rage a rumbu. Daga nan lamba ta watse. Mata bakwai suka yi ta magana a lokaci ɗaya, wannan na katse waccan, Inna na katse kowa, 'yan kwamitin kuma suna ji suna rubutawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk an fahimce su. Rubu'in awarmu ya zama awa ɗaya da wani abu. Ba a yi lamba biyar ba, sai a bakin ƙofa na yi godiyar ni kaɗai ga falanto.

Kwamitin ya zaɓi kokenmu. Su da kansu suka je suka tsaya a ƙofar kaso da tsakar rana. Aka yi rumfar kwano, aka kafa randuna biyu, aka ƙara tebur. Gidajen matan nan suka shiga cikin masu samun hatsi da iri, muka shuka gonar ƙanena da ruwan fari. Maganar takardu sun aika da ita sama, bayan damina aka yi masa shari'a, zaman da ya riga ya yi ya wanke shi, ya dawo gida. Ban ce tuwon ne ya fito da shi ba. Abin da na gani kawai nake faɗa.

Na biyar, maganar bedi. A hanyarmu ta komawa Sabon Gari ranar, Inna ta lakaci ragowar miyar ta kai baki, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Ɗacin ga na mi ne? Na ƙofar kaso tsami gare shi, ba ya da ɗaci." Sai na tuna da ɗanyen reshen da na karyo. Gardi busasshen tsinke yake sawa. Wato na ƙara wa shaida abin da ba nata ba. Kwana uku abin yana cina, a na huɗu na rubuta takardar gyara, da Hausa, layi huɗu, na kai wa shugaba da hannuna. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗacin naka ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"Tsamin fa?"

"Na rana ne."

"To tsamin ya isa. Cikina zai iya ba da shaida, yini biyu yana ba da ita." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "In za ka sake zuwa, ka bar usur a gida."

Har yanzu ni ke rabon ruwa a Jiratawa, har yanzu mai lamba shida yana jiran mai lamba biyar. Ban zama wani mutum dabam ba, kada wani ya yi zato. Amma ranar nan ta koya mani cewa mutane aka yi wa tsari, kuma in ka ga ɗan'uwanka zai kai abu mai tsami baki, ka riƙe masa hannu ko a lamba nawa kuke. Ta kuma koya mani cewa mai iko ba dogon karatu yake buƙata ba, ya ɗanɗani abin da talaka ke haɗiya yana cewa ya yi daɗi. Bara da zafi na ga zogalen mai lamba tara ya sunkuya zai mutu, alhali ana kan lamba huɗu. Na tsaya a bakin kanal na daɗe, ina jin muryar Inna a kunnena, sannan na buɗe masa ƙofa. Amma na rubuta a kaye.